Ribar 'Yar Kwamfuta Ba a Jikinta Take Ba

Birnin Kudu.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya tsare ka a masauki da kan hanya da wurin aiki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida za ka ji a bakinsu, ni ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ranar da ka tafi na raka ka tasha, na sa maka albarka a gaban mutane, ban ce maka uffan ba, domin ban so ka hau mota da faɗana a kunnenka. Amma maganar tana nan a raina. Idan na kira ka a waya na san ihu zan yi, kai kuma ka yi ta cewa "To Baba, to Baba" ba tare da ka ji komai ba. Shi ya sa na rubuta.

Ana gobe za ka tafi na je gaisuwar rasuwa, na bar ka a shago. Malama Rabi, mai koyarwa a Islamiyyar Basirka, ta taso tun daga can, ta hau babur ta hau motar haya, don ta sayi 'yar kwamfutar nan mai kamar tafin hannu, guda ɗaya tak. Ta tambaye ka wace caja ce ta dace da ita, wane memori za ta sa, yaya za ta jona ta da tsohuwar talabijin ɗin makarantarsu. Ka ce mata, "Malama, ribar wannan abin ba ta kai a tsaya dogon bayani ba. In za ki saya ki saya." Bai ishe ka ba, ka juya wajen abokinka, tana tsaye tana ji, ka ce, "Inda za ni kwali-kwali ake sayarwa, ba a ɓata lokaci a kan kayan wasan yara." Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta sayi komai ba. Telan da ke gefenmu ya ji komai, shi ya gaya mini, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Matar da ta isa ta haife ka, Habibu! A shagona! Na nemi mijinta na ba shi haƙuri, kuma kai ma za ka kira shi da bakinka ka ba shi. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san inda ka koyo wannan magana. A bakina ka ji ta, kana ƙarami kana zaune a kan benci kana cin gyaɗa. Kai ka manta ranar, amma bakinka ya riƙe. To bari in gaya maka abin da ta jawo mini, tunda ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba.

A lokacin, daga Birnin Kudu har Gwaram babu shagon kayan lantarki kamar nawa. Rediyo, talabijin, fanka, batir, faifan sola, duk a wurina ake ɗauka. Masu ƙananan shaguna na Gwaram da Zandam da Kwandiko a hannuna suke yin sari. Ni kuma ina saro kaya a Kano wurin Alhaji Mudi, mai kamfanin da ya ɗauke ka aiki yanzu. Sannan ba shi da wannan ƙaton ginin, shago biyu ne da sito.

Wata ranar kasuwa Malam Buba ya shigo. Mutumin Zandam ne, gidansu gidan shanu ne da karatu, shi kuma yana koyarwa a Islamiyya. Mutum ne mai son kwance abu ya mayar, rediyon ƙauyensu duk shi ke gyarawa kyauta. Ya nuna mini hoto a wayarsa, wani ɗan fanel kore, tsirara, babu gida babu sikirin.

Ya ce, "Alhaji, wannan kwamfuta ce sukutum. Kuɗinta bai kai na ƙaramar waya ba. Ko za ka samo mini?"

Na kira Alhaji Mudi a gabansa. Ya ce akwai, ya faɗi farashin sari. Da na duba abin da zan ɗora a kai, ko kuɗin shayin safe bai kai ba. Na kashe waya na yi dariya. Na ce, "Malam, ni talabijin nake sayarwa. Wannan kayan wasan yara ne, ribarsa ba ta kai in ɗauko shi daga Kano ba."

Ya ce, "To Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa." Ya fita.

Ya tsallaka titi wurin Garba. Ka san Garba yanzu da shagonsa mai ƙofa uku. A lokacin tebur ne da lema a bakin tasha, yana gyaran waya. Garba bai san komai a kan abin ba, amma ya ce zai tambaya. Da ya je Kano sayen kayan gyara ya zo masa da ita a aljihu.

Abin da ban gane ba, kuma kai da takardarka ta kwaleji ba ka gane ba har yau, shi ne wannan abu ba ya aiki shi kaɗai. Wanda ya saye shi dole ya nemi caja. Dole ya nemi memori. Zai nemi wayar da za ta haɗa shi da talabijin, zai nemi kibod, zai nemi ɗan akwatin da zai rufe shi saboda ƙura. A ƙauyen da babu wuta zai nemi batir, batir kuma yana neman sola. Ribar da ba ka samu a jikinta ba tana nan a warwatse cikin waɗannan, kuma ta ninka. Sannan mai sayen talabijin yakan zo sau ɗaya, ba ka sake ganinsa sai ta lalace. Shi kuwa mai wannan abu ba ya gama saye. Yau ya ƙona wani ƙarfe, gobe ya ji labarin wata 'yar na'ura mai auna zafi, jibi ya zo da abokinsa. Kullum yana bakin kantarka.

Malam Buba ya jona tasa da tsohuwar talabijin, ya zuba karatu a ciki, ɗalibai suna gani suna ji ba sai da intanet ba. Malaman wasu makarantu suka gani suka ce su ma suna so. Duk wurin Garba. Daga baya ya haɗa wata da tankin rijiyar burtsatsen da suke shayar da shanu, in tanki ya cika ta kashe injin da kanta. Da makiyayan yankin suka haɗa hannu za su sa sola a rijiyoyinsu, wa kake jin suka tambaya inda za su saya? Malam Buba. Ina kake jin ya kai su?

Ina tsaye a ƙofar shagona na ga a-kori-kura ta tsaya a gaban teburin Garba, ana loda faifan sola da manyan batira. Kayan da ni nake da su jibge a sito. Shi ba shi da ko ɗaya, daga Kano ya yi odarsu, suka jira shi. Sun gwammace su jira mai tebur da su tsallako titi wurina. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Don haka ka ji da kyau. Idan mutum ya zo da ƙaramin ciniki da dogayen tambayoyi, kada ka dubi abin da ke hannunsa. Mai yawan tambaya shi ake tambaya a garinsu. Ka amsa masa, in ba ka sani ba ka ce za ka bincika, kuma ka bincika ɗin.

Ka ɗauka daga nan na yi hankali? Ban yi ba. Haushi na ji, haushin kuwa bai koya mini komai ba sai gaggawa. Na je Kano na saro 'yan kwamfutocin. Amma har sannan ina ganin dole in matse riba ta wani wuri, sai na bar cajar da aka yi dominsu na kwaso wasu masu arha, irin waɗanda ake zubawa a faranti. A ido duk ɗaya ne.

Malam Buba ba mai riƙo ba ne. Da ya ji na kawo, ya zo da kansa, ya ce gara a raba ciniki tunda dukkanmu 'yan gari ne. Ya saya wa malamai huɗu ko biyar, kowace da cajarta. Ba a jima ba suka fara mutuwa ana tsakiyar karatu. Wutar cajar ba ta isa, abin ya ɗauke, in ya ɗauke sau da yawa sai memorin ya lalace. Karatun da wani malami ya yi wata da watanni yana naɗa da muryarsa ya tafi gaba ɗaya.

Ya zo ya same ni. Na ce solarsu ce ba ta da kyau. Na san ba ita ba ce, amma na faɗa, har da ɗaga murya.

Ya ce, "Alhaji, mun gwada da cajar wurin Garba, ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya."

Na canza musu, ina ƙunƙuni kamar ni aka cuta. Abin da na kashe wajen canjin ya cinye ribar, ya ci wani abu a kai. Muryar malamin nan kuwa ba ni da inda zan samo masa ita.

A kamfanin da kake za a ba ka irin wannan kaya. Za a ce ka tura su tare da masu kyau, mutanen ƙauye ba za su gane ba. Za su gane. Ba a ranar ba, amma za su gane, kuma sunanka za su riƙe, ba sunan kamfani ba. Kai ne ka miƙa musu. Idan ka san abu ba zai yi aikin da mutum yake so ba, ka gaya masa, ko da zai fita bai saya ba.

Na dawo na gyara. Na riƙa kawo kaya masu kyau, na koyi abin da zan iya koya, har nakan zauna da masu saye mu jona tare. Shekarun nan su ne mafi albarka da na gani a kasuwa. Ba 'yar kwamfutar ce take kawo kuɗin ba, mutanen da take jawowa ne. Ma'aikacin asibiti ya zo saboda ita ya tafi da fanka mai caji. Malamin sakandare ya zo saboda ita, da makarantarsu ta tashi sa sola ni ya kawo wa. Kuɗin makarantarka daga nan ya fito. Abin da ka kira kayan wasan yara shi ya kai ka kwaleji, shi ya saya maka takalmin da ka tsaya a ciki ka wulaƙanta Malama Rabi.

Sai shekarar da 'yan kwamfutocin suka yanke. Ka tuna, ko'ina aka rasa su, har Legas. Manyan kamfanoni da ke sa su a cikin injinansu suka bazama nema, farashi ya haukace. Ina da 'yan kaɗan da suka rage. Malam Buba ya zo ya ce in ajiye masa, domin ya shirya tara malaman Islamiyya na yankin Gwaram a lokacin hutu ya koya musu yadda ake haɗawa. Ya ce zai kawo kuɗin in sun tara. Na ce ya je, kayansa ne, ko a hannunsa suke ba su fi haka tsaro ba.

Kafin hutun wani mutum ya zo daga Kano da mota mai sanyi. Ban san wanda ya ba shi labarina ba. Ya taya su da kuɗin da ban taɓa jin an taya su ba. Na ce an riga an yi alkawari. Ya ƙara. Na ce a raina zan samo wa Malam Buba wasu kafin lokacin. Na miƙa masa duka.

Na kira Alhaji Mudi. Ya ce babu. Na je Kano da kaina. Ina tsaye a sitonsa na ga kwalayen da idona, a jere. Ya ce na manyan kwastomomi ne. Na ce, "Alhaji, tun kana shago biyu nake saye a wurinka." Ya ce, "Haka ne, Alhaji Sale. In kana so in ba ka biyu, sai ka haɗa da rediyoyin can." Rediyoyin da suka shekara a sito babu mai so. Na fito cikin fushi na hau mota. Sai da motar ta wuce Wudil sannan na ga abin da ya yi mini shi na yi wa Malam Buba, nawa ma ya fi muni, domin shi bai yi mini alkawari ba.

Kuma ban gaya wa Malam Buba ba. Na yi ta cewa gobe, ko Allah zai kawo wasu. Ranar da ya zo ɗauka, malamai sun riga sun taru a Gwaram, wasu daga Kwandiko, wasu daga Basirka, kowa ya bar gonarsa da damina. Ya ajiye kuɗin a kan kanta. Na fara kame-kame. Ya dube ni har na gama.

Ya ce, "Alhaji, kayanka ne, kana da ikon sayarwa. Amma da ka gaya mini, da na hana mutane tasowa."

Ya ɗauki kuɗinsa. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Har yau in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure yakan miƙo hannu mu gaisa, ya tambayi iyali. Amma ƙafarsa ba ta sake taka shagona ba, kuma duk malaman da suka taru ranar sun san dalilin da ya sa suka koma gida hannu wofi. Kuɗin mai motar nan bai yi wata a hannuna ba. Shi kuwa ban sake ganinsa ba, ko sunansa ban riƙe ba.

Idan kaya suka yi wuya, Habibu, a nan ake gane ɗan kasuwa. Wanda yake zuwa wurinka lokacin da kaya suke a banza, shi ke da haƙƙi a kanka ranar da suka yi tsada. In kuwa ka karya alkawari, to ka yi sauri ka faɗa, kada ka ƙara wa mutum asara a kan asara don kana jin kunya.

Yanzu bari in gaya maka wani abu game da uban gidanka, tunda naka ne yanzu. Ba na cewa ka raina shi. Ka yi masa biyayya, ka riƙe amanar dukiyarsa, ko allura kada ka ɗauka. Amma kada ka haɗiye duk abin da ka ji a ofishinsa. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini, muna shan shayi a sitonsa tun ana mutunci, cewa wannan 'yar kwamfutar ce ta ɗaga shi. Ya ce ɗaliban da suke zuwa sayen ɗaya-ɗaya, suna cika masa shago da surutu, su ne suka gama makaranta suka shiga ma'aikatu, kuma duk wanda aka ce ya sayo kaya a cikinsu, wurinsa yake dawowa da oda mai cika mota. Ya san wannan sarai. Amma yau ya yi gini, ya sa gilashi, ya ɗauki yara irinku ya koya muku cewa mai sayen ɗaya ɓata lokaci ne. Waɗanda za su cika masa mota nan da shekara goma suna can suna tambaya a wani shagon. Wannan ya rage nasa. Kai dai kada ka zama bakin da zai kore su.

Ka ga yadda shagonmu ya koma. Ka ɗauka don ina son hayar tela na raba shi biyu? Masu sarin Gwaram sun koma wurin Garba tun tuni. Abin da ya rage mini shi ne 'yan tsirarun da ke zuwa neman wannan abu da kayan haɗinsa, su ne ke sa in buɗe ƙofa da safe. Daga cikinsu ake cin tuwo a gidan nan.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka. Kafin a kira ka aiki, na yi waya kamfaninku ina son 'yan kwamfutocin ƙwaya kaɗan, domin ƙarfina ba ya kai kwali yanzu. Wani yaro ya ɗauka, muryarsa kamar taka. Ya ce ba sa sayar da ƙasa da kwali. Na ce ya gaya wa Alhaji Mudi cewa Sale na Birnin Kudu ne. Ya ce Alhaji yana taro. Na ji yana dariya da wani kafin ya ajiye wayar. Na daɗe riƙe da tawa a hannu. Waɗanda kake gani a shago, a wurin wani ɗan tsakiya na same su, da tsada.

To ga abin da zan yi. In an kwana biyu ka zauna da gindinka a wurin aiki, zan shigo Kano. Ba zan gaya maka ranar ba. Ba zan nemi Alhaji Mudi ba, ba kuma zan ce wa mai gadi ni mahaifin wane ne ba. Zan bi layi da tsohuwar jakata kamar kowa, in na iso gabanka in ce ina son guda uku, kuma ina da tambayoyi. Idan dokar kamfani ta hana ka sayar mini, ban ce ka karya ta ba, ban ce ka yi mini alfarma ba. Ka dube ni a ido ka gaya mini cikin mutunci, ka faɗa mini inda zan samu. Amma tunda ba ka san ranar ba, kuma ba ka san ko wani zan aiko a madadina ba, duk dattijon da ya tsaya gabanka da ƙaramin ciniki, ka ɗauka ni ne.

Na yi fushi, amma ban janye albarkata ba, kuma ba zan janye ba. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka kula da abin da kake ci, ka kula da titin Kano, kada ka hau babur ɗin mai gudu don kana sauri. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga haram ko da ta zo da mota mai sanyi, Ya sa ka fi ni hankali tun kafin ka kai shekaruna. Allah Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sale